Ana Rage wa Illa Ruwa

Bazarar bana ta cika shekara tara da rasuwar wana Iliyasu, wanda ƙauyukan kudancin Gazawa suka fi sani da Illa Mai Rijiya. Ban taɓa rubuta kome a kansa ba sai yau. Ni malamin yaƙi da jahilci ne da rani, manomi da damina, kuma duk tsawon shekarun da Illa ya yi yana shiga rijiyoyi, ni ne mai riƙe masa igiya. Mutane kan tambaye ni ko har yanzu abin yana yi mini ciwo. Gaskiya ban sani ba. Ina cin tuwona, ina barci, ina zuwa kasuwa. Wurin da ciwon ya kamata ya zauna ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, in na taɓa sai in ji kamar jikin wani ne.

Kwanakin baya muna zaune a fadar shayi, ƙofar shagon mai cajin salula, wani ya nuna mana bidiyo. A wata ƙasa mai nisa ne, ramin haƙar kwal ya rufta da mutane. Mata sun cika ƙofar ma'aikatar, kowace ɗauke da hoton mijinta, suna kururuwa a fito a gaya musu wanda ya yi sakaci. Mutanenmu suka yi ta salati. Wani dattijo ya tafa hannu ya ce, “Kai, waɗanga mutane! Mi ya kai mutum cikin rami saboda gawayi?” Kowa ya gyaɗa kai. Daga inda muke zaune, in ka ɗaga ido za ka hango bakin rijiyar garinmu, shayin da ke kan wuta ma da ruwanta aka ɗora shi. Na karɓi kofina na sha.

Da Illa yana nan da ya yi musu bayanin kwal har su gaji, don ya san shi. Yana saurayi ya taɓa yin aikin lebura a wata ma'aikatar kwal can arewa, gaba da Agadas. Bai daɗe ba ya dawo, ya ce ƙurar wurin ta fi ƙarfin ƙirjinsa. Abu biyu ya zo da su, wata hular kwano ruwan ɗorawa da labarin wani mutum. Wai a can akwai ma'aikaci guda wanda ba ya haƙa, ba ya ɗauka, ba ya tuƙi, aikinsa kawai ya zagaya ya ce a tsaya. In ya ɗaga hannu, manyan motoci sai su yi cak. Illa kan ba da labarin nan yana dariya har da hawaye, ya ce duniya da faɗi take, ga mutum ana biyansa don ya hana aiki. Hular kuwa ya shiga rijiya da ita kamar sau biyu. Mata suka sa masa suna soja, samari suka riƙa tambayarsa ko yaƙi za a yi da kwaɗi. Illa mai son raha ne, amma ba ya son a yi da shi. Ya rataye ta a zaure, daga baya matarsa Hajara ta mai da ita abin ba ƴan tsaki ruwa.

Ga wanda ya tashi a birni bai san yasar rijiya ba, ga yadda take. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, wasu sun haura gaba ashirin. Shekara da shekaru rairayi da laka da duk abin da ya suɓuce daga hannun mutane suna taruwa a gindi har su toshe idon ruwa. Sai bazara ta yi tsanani a ga guga yana fitowa da rabin taɓo. To dole wani ya sauka ya kwashe. A garinmu wannan aikin gidanmu ne tun daga kakanmu, wanda ya ƙetaro daga ƙasar Katsina da dagi a kafaɗa. Ƙa'idar gidan ita ce ɗaya ya sauka, ɗan'uwansa na jini ya riƙe. Mai riƙo yakan naɗe igiyar a gwafa, ya zauna ya tokare ƙafafunsa da itacen bakin rijiya, kuma ba ya ɗauke ido daga igiyar ko da bayansa gobara ake yi. Ladan aikin goro ne da addu'a, sai damman hatsi in kaka ta yi kyau.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa ganin aibinsa ba sai da ya faru. A wurinmu ranar yasa ba a rufe rijiya. Rijiyar ɗaya ce, gari na sha, shanun gari na sha, Fulanin da ke zaune a gefenmu na sha. Ban da wannan ma akwai hujja, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Da zarar mai yasa ya fara buɗe idon ruwa, ruwan sai ya riƙa hawa, daga gwiwa zuwa ƙugu zuwa ƙirji. Masu ɗiba suna janye shi, shi kuma yana samun wurin aiki. Shi ya sa ba mu ce ana ɗiba a kansa, cewa muke ana rage masa ruwa. Mace za ta zo da gugarta tana jin taimako ta kawo. Haka guga da wasaki, babban gugan nan da sa ke ja, za su wuni suna hawa da sauka a bisa kan mutum.

Illa da kansa ya fi kowa son haka. Daga can ƙasa za ka ji muryarsa tana tasowa, yana tsokanar mata cewa hannuwansu sun mutu, yana kiran kowace da sunan da ya laƙaba mata. In ya tsinci ɗan kunne ko moɗa cikin laka sai ya aiko da shi cikin guga, ya ce a tambayi mai shi ko mijinta ya san ya ɓata. Mutumin nan da ke sauka inda rana ba ta kai, babur yake tsoro. Bai taɓa hawa kabu-kabu ba. Ya ce wanda ya ɗora ransa a kan ƙafa biyu na roba bai san darajar rai ba. In za shi kasuwar Gazawa, a ƙasa yake tafiya ko ya jira amalanken shanu, ya isa ana shirin watsewa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Wani wasaki cike da ruwa ya kusa kai baki, igiyarsa ta tsinke. Igiyar leda ce, rana ta gama cinye ta daga ciki, a ido kuwa lafiya lau. Na ji ƙara daga ƙasa, sannan igiyar da ke hannuna ta yi wani irin nauyi da ban san ta da shi ba. Na kira shi bai amsa ba. Muka ja. Ya fito fuskarsa duk laka, bakinsa a ɗan buɗe, don magana yake yi lokacin da abin ya same shi. Mai wasakin mutumin kirki ne, maƙwabcinmu, ya fi mu kuka, kuma shi ya kama gaban makara. Majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani, ya duba ya ce wuya ne ya karye, ko da hular kwano a kansa ba abin da za ta hana. Na riƙe wannan maganar don tana da sauƙin riƙewa. Jandarma suka zo suka tambaya ko iyali suna da ƙara. Baffanmu ya ce babu, kwana ne ya ƙare.

Kafin la'asar mun rufe shi. Liman ya ce a janye ruwan rijiyar har sai ya washe, samari suka janye. Washegari da safe mata suna ɗiba. Da ruwan aka dama furar masu zaman makoki, da shi na yi alwala, shi na sha. Babu wani ruwan.

A zaman makoki na ji yabo iri-iri. An ce ya mutu a kan sana'arsa. An ce wanda ya rasu yana nema wa jama'a ruwa ba ya da sauran hisabi. An ce namiji ne. Ina amsawa da amin, kuma har yau ina fatan Allah ya sa haka ne. Amma tun daga lokacin kunnena ya buɗe ga irin wannan yabon, na lura ga su wa muke yi wa shi. Muna yi wa mai hawa giginya, da yaran mota masu kwana bisa lodi, da samarinmu da ke tafiya arewa ramukan zinariya ana dawo mana da jakunkunansu. Duk aikin da ba ma so ɗanmu ya yi amma ba ma iya rayuwa in ba a yi shi ba, sai mu kira mai yin sa jarumi. Ba na jayayya da ƙaddara, ni Musulmi ne. Sai dai mutanen da suka ce mini kwana ne ya ƙare, su ne ke kewaye gonarsu da ƙaya, su sa wa rumbu kwaɗo, su kwance akuya daga rana zuwa inuwa. Ba wanda ya taɓa cewa a bar akuyar nan, in kwananta bai ƙare ba rana ba za ta kashe ta ba.

Bayan rasuwarsa da ƴan shekaru wata ƙungiyar agaji ta gina mana fanfo mai aiki da hasken rana, da tankin nan na sama da muke ce wa shato. Nakan tsaya in kalli mata suna murɗa ƙarfe ruwa na zuba, in yi tunanin abin da Illa zai ce. Na san zai zagaya shi sau da yawa yana ƙwanƙwasa bututun, ya tambaya wa ke sauka ciki in ya toshe. In an ce masa ba kowa, ban san ko murna zai yi ko fushi ba. Ina jin zai yi fushi na kwana biyu, sannan ya zama shi ne mai gadin wurin, yana hana yara wasa da ruwa. Da zai ga ɗansa na fari, Lawali, ya zama magidanci har da babur, yana ratsa burtali a guje, da ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Da kuma zai ji cewa Lawalin ya koyi dagi a hannun wasu, yana gina rijiyoyin lambu da masai a ƙauyukan Cadawa, wannan kam na san daɗi zai ji. Ni a raina na ɗauka sana'ar shiga babbar rijiya ta ƙare a gidanmu, har na ba da tsohuwar igiyata aka yi dabaibayi da ita.

Bana injin fanfon ya mutu. An ce abin gyaran sai daga Maraɗi, daga baya aka ce sai daga Yamai, har yanzu muna jira. Gari duka ya koma rijiya, rijiyar da ba a yashe ba tun ranar Illa. Ruwa ya zama kamar kunu. Mace za ta zo da sassafe ba ta cika jarka ba sai rana ta yi tsaka. Mai gari ya aika da goro gidanmu, ba wurina ba, wurin Lawali. Kafin labari ya iso ni ya riga ya karɓa.

Ya same ni ina gyaran darni, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, kai za ka riƙa mani.”

Na ce ba zan riƙe ba, shi ma ba zai shiga ba.

Bai yi gardama ba. Ya ce, “Na amshi goro, Baba. In ba ka iyawa sai in nemi wani.”

Na bi mazan garin ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Duk mutanen kirki ne, amma ba wanda salularsa za ta yi ƙara bai kai hannu aljihu ba. Na ce masa zan riƙe, bisa sharaɗi ɗaya, muddin yana ƙasa ba gugan ɗiba da zai shiga rijiyar.

Na kai maganar gaban mai gari da dattawa. Suka saurare ni da ladabi, irin sauraron da ake yi wa wanda aka san an taɓa yi masa rashi. Mai gari ya ce, “Malam, mun ji, kuma ba mu manta ba. Amma bisashe hwa? Kuma in an tsai da ɗiba, wa za ya rage mashi ruwa?” Na ce a janye ruwan tun da safe kafin ya shiga. In ya taru a fito da shi, a janye, a mai da shi. Suka ce aikin zai yi tsawo. Na ce ya yi. Suka dubi juna. A ƙarshe mai gari ya ce an ba ni har azahar.

Hajara ba ta ce kome a kai ba, kuma ba wanda ya sa ran za ta ce. Lawali ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi gaban mutane, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta aiki wata ta duba. Ana gobe aikin ta kawo mini fura da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye ta ce, “An ce gobe ana aiki.” Na ce haka ne. Ta ce, “Igiyar sabuwa ce?” Na ce sabuwa ce, ni na zaɓo ta. Ta juya ta tafi. Da safe Lawali ya tarar da hular kwanon ubansa a ƙofar ɗakinsa, an wanke ta tas, an ɗaura mata tsumma a madadin maɗaurin da ya tsinke. Ya sa ta ya fito, ba wanda ya yi dariya.

Aka janye ruwa, na naɗe igiya a gwafa, na zauna inda na saba zama, ya yi bisimilla ya sauka. Ban taɓa jin bakin rijiyarmu shiru kamar ranar ba. Jarkoki sun yi layi har gindin itacen bedi, mata na zaune a kansu. Wani Bafulatani ya tsuguna da sandarsa, shanunsa na kuka a bayansa. Ba wanda ya yi ƙorafi, kallona kawai ake yi. Laka ta riƙa fitowa baƙa ƙirin mai wari. Ruwa ya taru, muka fito da shi, aka janye, muka mai da shi. Duk komawa sai ya tarar gefen da ya kwashe ya zamo ya cike. Aka kira azahar ko rabi ba a yi ba.

Mutane suka je salla suka dawo. Rana ta buɗe sosai. Shanu suka fara ture shingen da aka yi musu. Ina jin wata mata a bayana tana lallashin jinjiri, tana ce wa ta kusa da ita tun safe ba ta ɗora tukunya ba. Can sai muryar Lawali ta taso daga ƙasa, kuma na rantse da wanda ya halicce ni muryar ubansa ce sak.

“Baba! Ruwa ya kawo mani ƙirji. Ku bari a rage mana!”

Na ce ya shirya mu fito da shi.

“In na hito laka ta koma. Na kusa ido. A rage kawai!”

Na ƙara damƙe igiya. Sai na ji ƙarar igiyar guga tana goga itace a gefena na dama. Ban san ko ta wace ce ba, har yau ban tambaya ba, mai riƙo ba ya ɗaga ido. Mai gari na tsaye a wurin bai hana ba, alkawarinsa ya riga ya cika. Hannuwana duka biyu suna kan igiya, amma bakina ba a ɗaure yake ba, ina iya yin tsawa. Na buɗe shi, abin da ya fito shi ne abin da masu riƙo na gidanmu ke faɗi tun zamanin kaka: “Guga na tahe, raɓe gabas.” Bayan wannan gugan wani ya biyo, sannan aka ɗaura wa sa wasaki.

Ya fito lafiya gab da la'asar. Mata suka yi guɗa, dattawa suka yi ta sa albarka, ruwa ya dawo garau har ana ganin sama a cikinsa. Kowa ya zo ya kama hannuna yana cewa Illa ya bar baya. Ta'aziyya suke yi mini da wannan maganar, kuma gaskiya suka faɗa. Na auna abin da ya rage na wana a duniya. Akwai rijiyoyi daga nan har iyaka da mutane ke sha ba su san sunansa ba. Akwai dariyarsa da tsofaffin mata ke tunawa in an ambaci ɗan kunne. Mutuwarsa kuwa ba ta canza ko igiya ɗaya a garin nan ba, abin da ta saya wa ɗansa rabin yini ne. Na nemi fushi a cikina ban samu ba, na nemi murna ita ma ban samu ba, gajiya kawai na ji a kafaɗu.

Lawali bai gama wanke lakar jikinsa ba wani baƙo daga ƙauyen yamma da mu ya matso ya damƙa masa goro, ya ce su ma tasu ta toshe. Lawali ya karɓa da hannu biyu, ya waiwayo ya dube ni. Na ci gaba da naɗe igiyata.

Hajara na cikin layi tun safe, sai lokacin aka zo kanta. Ta cika jarkarta ba ta dubi inda ɗanta yake ba ko sau ɗaya. Ta jawo ta kusa da ni, ta sunkuya tana gyara gammo, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

“Garin can, rijiya nawa gare su?”

Na ce, “Ɗaya.”

Ta daɗe tana murɗa gammon a hannunta. Sannan ta ɗora shi a ka ta ce, “Taya ni.” Na ajiye igiyar, na kama jarkar na ɗora mata.